Hayaƙin Da Ya Koya Mini Karatu: Yadda Ake Ba Allon Arduino Wuta Ba Tare Da An Ƙona Shi Ba

Saura kwana tara difens na ƙona allon Arduino na rukuninmu, ni da hannuna. Da dare ne, an ɗauke wuta a hostal, muna durƙushe a ƙasa, ɗaya yana haska mini da fitilar waya, ni kuma ina riƙe da jar wayar da ta fito daga batir mai bolt 12. Maimakon in soka ta a ramin da aka rubuta VIN, sai na soka ta a na 5V. Tsakanin ramukan biyu bai kai faɗin ɗan yatsa ba. Ba a ji ƙara ba, ba a ga tartsatsi ba. Wani siririn hayaƙi ne kawai ya tashi, sai wari irin na robar da ta taɓa murhu. Koriyar fitilar allon ta haska sau ɗaya, ta mutu.

Shiru ya ratsa ɗakin. Kuɗin allon nan karo-karo muka yi mu huɗu, kuma akwai wanda a cikinmu sai da ya haƙura da abincin rana na kwanaki kafin ya kawo nasa kason. Ba wanda ya zage ni, amma wallahi da zagin aka yi da ya fi mini sauƙi.

Da gari ya waye na naɗe gawar allon a takarda na nufi lab wurin dattijon da ke kula da kayan aiki. Na ce, "Malam, don Allah ko wannan zai gyaru?" Ya karɓa, ya juya shi, ya shinshina, sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"Wa ya ba shi wuta?"

"Ni ne, Malam."

"Ta wace ƙofa ka ba shi, ɗan nan?"

Na yi tsuru-tsuru. Shekara biyu ina karanta lantarki, na ci jarrabawar dokar Ohm, amma ban san cewa allon yana da ƙofofin wuta daban-daban, kowacce da sharaɗinta ba. Abin da na koya a kwanaki taran nan shi nake so in bar wa 'yan aji ɗaya da ke shirin shiga furojet, da ma 'yan ajinmu da har yanzu suke fama. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Wane ne wannan allo?

An fara Arduino a shekarar 2005 a wata makarantar koyon zane da ƙira da ke garin Ivrea a ƙasar Italiya, don ɗaliban da ba injiniyoyi ba su samu hanya mai sauƙi ta sarrafa fitilu, sensa da ƙananan injina. Samfurin Uno, wanda ya fi yawa a hannunmu, ya fito a 2010. Ƙwaƙwalwarsa ita ce doguwar baƙar aisin nan mai ƙafa 28, sunanta ATmega328P. Tana aiki da bolt 5, kuma takardar bayanin masu ƙera ta ta nuna iyakar abin da za ta iya jurewa bolt 6 ne. Ni kuwa 12 na ɗura mata, wato ninki biyu na iyakarta.

Duk alƙaluman da zan kawo na Uno R3 ne da kwafe-kwafensa, waɗanda su muka fi samu a kasuwa. Sabon Uno R4 da ya fito a 2023 yana da nasa alƙaluman daban, don haka wanda yake da shi ya duba takardarsa.

Kafin mu shiga ƙofofin, akwai ruɗanin da ya kamata a warware, domin na ji shi a bakin ɗalibai da yawa. Ɗauki tankin ruwan da ke saman hostal. Bolt shi ne ƙarfin turin ruwan, amfiya kuma yawan ruwan da ke bi ta cikin bututu. Idan turi ya fi ƙarfin bututu, fashewa zai yi. Amma girman tanki ba ya fasa bututu, domin famfo abin da aka buɗe kawai yake zubarwa. Haka lamarin yake a nan: caja mai bolt 5 da aka rubuta mata amfiya 2 ba za ta ƙona allonka ba, allon zai ja iya buƙatarsa ya bar saura. Yawan bolt ne ke kisa nan take. Ƙarancin amfiya kuma shi ke sa allo ya riƙa suma yana farfaɗowa. Amfiya ɗaya daidai take da miliamfiya 1000, wadda ake taƙaitawa mA, kuma da ita zan riƙa lissafi.

Ƙofa ta farko: USB

Wannan ita ce ƙofar da ta fi aminci, kuma ita ya kamata sabon shiga ya riƙe har sai ya zama dole ya bar ta. Kebul ɗin irin na firinta ne. Ko daga laftof, ko daga kan cajar waya, ko daga fawabank, bolt 5 ne tsararre ke shigowa. A kusa da bakin USB ɗin akwai wani ɗan fiyus mai gyara kansa. Idan abin da ake ja ya wuce mA 500, ko wayoyi suka haɗu, sai ya yi zafi ya yanke wutar, in an cire matsalar ya huce ya dawo aiki. Shi ne ke kare laftof ɗinka daga gangancinka.

Sai dai akwai abu biyu. Na farko, mA 500 ɗin nan ita ce duka dukiyarka ta wannan ƙofa, allon da kansa kuma yana cin kusan 50 daga ciki. Na biyu, fawabank da yawa suna kashe kansu idan suka ga abin da ake ja ya yi kaɗan, a zatonsu waya ta cika. Sai ka ga furojet yana aiki lafiya, bayan ɗan lokaci ya mutu, ka shiga zargin kod ɗinka alhali ba ruwansa. Gwada fawabank ɗin da za ka je difens da shi tun da wuri, ka bar shi a kunne ka ga ko zai ɗore.

Ƙofa ta biyu: baƙin soket mai zagaye

Nan ake soka adafta. Abin da aka ba da shawara shi ne bolt 7 zuwa 12. Dole tsinken tsakiyar fulogin ya zama fozitif, kuma akwai ɗan zane a jikin kowace adafta da ke nuna haka. Ka kuma tabbatar an rubuta DC a wurin fitar wuta, domin akwai tsofaffin adaftoci masu fitar da AC, kamarsu ɗaya a ido. Wannan ƙofa tana da mai gadi, wato dayod da ke tare wuta idan an juya fozitif da negetif.

Daga nan wutar ke shiga regileta, wani ɗan abu mai ƙafa uku da ke kusa da soket ɗin, wanda aikinsa shi ne sauke wutar zuwa bolt 5. Me ya sa aka ce kada a yi ƙasa da 7? Domin regiletan yana buƙatar rata tsakanin abin da ya shiga da abin da zai fita, dayod ɗin ma yana cin nasa kason. In ka ba shi 6, abin da zai fito ba lallai ya kai 5 ba, sai sensa ta fara ba ka ƙarya.

Me ya sa kuma aka ce kada a wuce 12, alhali a takarda an rubuta iyaka bolt 20? Nan ne darasin yake. Irin wannan regileta ba ya mayar da rarar wuta ko'ina, zafi yake mayar da ita. Lissafin ba wuya: cire 5 daga bolt ɗin da ka shigar, ka ninka da amfiyar da ake ja. In ka shigar da 12 kana jan mA 200, bakwai sau 0.2 ya ba da wat 1.4 na zafi a jikin abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. In da 7.5 ka shigar, wat 0.5 ne kawai. Ka ga ke nan yawan bolt ba ƙarin ƙarfi ba ne ga allon, ƙarin wahala ne. Masu ɗaukar cajar laftof mai bolt 19 su soka don bakin ya yi daidai, ku ji tsoron aljihunku. Kwafen allon da muke saya da araha ma ba kowanne ne regiletansa ke da juriyar na asali ba.

Wani abin daɗi game da wannan ƙofa: za ka iya barin adafta a soke kuma ka haɗa USB don loda kod. Allon yana da da'irar da ke lura, da zarar wutar waje ta haura kusan bolt 6.6 sai ya saki ta USB ya koma kan ta waje.

Ƙofa ta uku: VIN

VIN ita ma regiletan take kaiwa, bolt 7 zuwa 12 ɗin dai, amma ta bayan mai gadi take shiga. Babu dayod tsakaninta da regileta. In ka juya ja da baƙi a nan, babu mai ceton ka. Saboda haka duk wanda zai yi amfani da batir, shawarata ya sayi ɗan fulogi mai zagayen nan ya ɗaura wa wayoyin batir ɗin, ya auna da mita ya tabbatar tsakiya fozitif ne, ya riƙa shiga ta soket. Fulogi ba ya kuskuren rami cikin duhu. Da na yi haka, da wannan rubutun bai samu ba.

Ƙofa ta huɗu: 5V

Asalin wannan rami mafita ne, inda ake ɗibar wuta a ba sensa da sauran ƙananan kaya. Ana iya shigar da wuta ta nan, amma kai-tsaye take zuwa ƙwaƙwalwar allon, ba regileta, ba dayod, ba fiyus. Dole ya zama bolt 5 tsararre wanda ka auna da idonka. Kuma kada ka haɗa USB a lokacin da kake ba da wuta ta nan, domin wutar za ta iya komawa cikin laftof. A daren da na yi ɓarnata, Allah Ya taimake mu kebul ɗin ba ya jikin laftof, wanda ma aro muka yi. Da asarar ta fi haka.

Dubi jerin ramukan da kyau: 3.3V, 5V, GND, GND, sannan VIN. GND biyu ne kawai suka raba rai da mutuwa. Ramin 3.3V kuwa na ƙananan sensa ne, kada a ja fiye da mA 50 daga gare shi.

Allo na biyu da famfon da ya kusa haukata mu

Muka sake karo-karo, na biya kaso biyu saboda kunya, muka sayi allo na biyu. Furojet ɗinmu na ban-ruwa ne mai sarrafa kansa: sensa a cikin ƙasa tana auna laima, in ƙasa ta bushe sai allon ya kunna ɗan famfo mai bolt 5 ta hanyar rile, yana kuma nuna bayani a ƙaramin sikirin. Mun zaɓi batir mai bolt 12 ne domin shi ne irin wanda mai lambu zai iya samu tare da farantin sola.

Wannan karon ta soket muka shiga, komai ya kama. Amma da zarar famfo ya tashi, sai sikirin ya cika da wasu haruffa kamar rubutun aljanu, allon ya sake farawa daga farko. Kwana biyu muna canza kod. Har faɗa muka yi da wanda ya rubuta shi. Da muka koma wurin Malam, ko kallon kod ɗin bai yi ba. Ya ce, "Taɓa nan." Na ɗora yatsa kan regileta, na janye da sauri.

Laifinmu shi ne komai daga ramin 5V muka ɗiba: sikirin, sensa, rile, har da famfo. Da muka saka mita, abin da ake ja ya kai wajen mA 350. Bakwai sau 0.35, kusan wat biyu da rabi ke nan. Regiletan yana da dabarar kashe kansa in zafi ya yi yawa, shi ya sa bai ƙone ba. Ban da haka, duk wani moto yana fizgar wuta mai yawa a daidai lokacin tashi, sai bolt 5 ɗin ya faɗi na ɗan ƙiftawar ido, ƙwaƙwalwar kuma ta ɗauka an kashe ta an kunna.

Maganin da Malam ya nuna mana shi ne raba tukunya. Muka sayi ɗan allon sauke wuta mai suna LM2596, wanda ba ya ɓarnar wuta ta zama zafi kamar regiletan Uno. Muka haɗa shi da batir, muka riƙa murɗa ɗan sukurun da ke kansa muna duba mita har ya tsaya a bolt 5, sannan fa muka haɗa masa famfo da rile. A kula da wannan: a saita shi kafin a haɗa masa komai, domin yadda ya zo daga shago ba ka san nawa yake fitarwa ba. Shi kuma Uno muka bar shi da kansa da sikirin da sensa, abin da bai kai mA 100 ba. Regileta ya koma ɗumi-ɗumi.

Sai abu biyu da suka cika aikin. Na ɗaya, muka haɗa GND na Uno da GND na LM2596 da waya guda. Duk inda aka yi amfani da tushen wuta biyu da ke magana da juna, dole negetif ɗinsu ya haɗu, in ba haka ba saƙon da allon ke aikawa ba shi da ma'auni, kamar a ce maka abu yana da tsawon ƙafa biyar ba a faɗa maka daga ina aka fara awo ba. Na biyu, muka gicciya dayod 1N4007 a kan wayoyin famfon, gefen mai zobe yana kallon fozitif. Duk abin da ke da naɗin waya a ciki, moto ko rile, idan aka yanke masa wuta farat ɗaya yakan yi harbin baya da bolt mai yawa. Dayod ɗin ne ke shanye harbin.

Ramukan allo masu ba da umarni ne

Ramuka 14 na dijital da 6 na analog da ke gefen allon, kowanne mA 20 aka yarda a ja daga gare shi. A 40 an kai bakin halaka. Jimillar abin da aisin gaba ɗaya za ta iya ɗauka kuma mA 200 ne. Naɗin ƙaramin rile mai bolt 5 shi kaɗai yana cin kusan mA 70. Saboda haka rile tsirara, moto, famfo ko doguwar fitilar ado ba a haɗa su kai-tsaye da rami. Ana saka tiransista a tsakani, ko a sayi rile mai allonsa wanda tiransistan ke ciki, ko direban moto irin L298N. Ramin ya ba da umarni, wutar aiki ta zo daga wani wuri. Shugaban aji sanarwa yake yi, ba shi ke ɗaukar kujerun aji a ka ba.

Ko ƙaramar fitilar LED sai da rezista. Jar LED tana cin kusan bolt 2, saura 3. Raba 3 da rezista mai om 220, ka samu kusan mA 14, lafiya lau. In babu rezista, fitilar za ta yi haske mai kyau yau, gobe ramin ya mutu a hankali ba ka sani ba.

Masu furojet na aika saƙon tes da SIM800L, naku ya fi na kowa tarko. Wannan ɗan allo bolt 3.4 zuwa 4.4 yake so, kuma lokacin da yake neman netwok yakan fizgi har amfiya 2 na ɗan lokaci. Ramin 5V ya yi masa yawa a bolt, ya yi masa kaɗan a amfiya. A ba shi nasa tushen, ko batir 18650 guda ɗaya ko LM2596 da aka saita a bolt 4, a haɗa GND. Masu ESP32 kuma su tuna ramukansa na bolt 3.3 ne, saƙo mai bolt 5 daga Uno zai iya lalata su.

Zancen batir

Batir mai kusurwa huɗun nan na bolt 9 shi ne kowa ke fara saya, domin shi ake gani a hotuna. Mai kyau daga cikinsu yana ɗauke da wajen mAh 500. Uno kaɗai yana cin 50, wato awa goma a takarda, kuma tun kafin nan ƙarfinsa zai sauka ƙasa da bolt 7. Na arahan da ake sayarwa a bakin get ba su kai haka ba. In ka ƙara moto, kafin malamai su gama tambayoyi ya mutu. Araha ba ta ado.

Batir 18650 guda biyu a jere suna ba da bolt 7.4, in sun cika 8.4, daidai abin da soket ke so. Amma a saka su a gidansu na roba, a yi cajinsu da cajar da aka yi dominsu, kuma kada a ɗauki wanda rigarsa ta yage, domin in bakinsa biyu suka haɗu gobara ce. Babban batir na sola kuma sunansa kawai bolt 12, lokacin caji yakan haura 14. In furojet ɗinka zai zauna a kan sola, sauke wutar kafin ta isa allon.

Yadda ake riƙe shi

Juya allon ka ga bayansa: duk ƙafafun da aka yi wa dalma a fili suke. Ajiye shi a kan gadon ƙarfe na hostal, ko kan makulli, ko kan guntun wayar da ka yanke, daidai yake da haɗa ramukan da hannunka. Ka sa masa katako, kwali ko roba a ƙasa. Mu robar abinci mai murfi muka huda muka ɗaure shi a ciki, ita ce kuma ta kare shi daga ruwan famfonmu da ƙura.

A riƙe shi ta gefe-gefe kamar hoto, kada a dafa aisin. Wannan ya fi muhimmanci da hunturu. Kowa ya san yadda in iska ta bushe kana cire rigar sanyi za ka ji tas-tas, ko ka taɓa ƙofar mota ta ɗan ja ka. Wannan wutar da jiki ke tarawa tana kai dubban bolt, kuma wadda ba ka ma ji ba ta isa ta raunata aisi. Kafin ka taɓa allo, taɓa wani ƙarfe da ke haɗe da ƙasa, kamar bututun ruwa na ƙarfe. Jakar nan mai ƙyalli da allon ya zo a ciki kada a yar, don haka aka yi ta. Ledar shago kuwa tara irin wannan wuta take yi.

Kada a canza waya ko ɗaya alhali wuta na jiki. Cire wuta, canza, duba sau biyu, sannan ka mayar. Ja na fozitif, baƙi na GND, kada a saɓa ko da wayar ta ƙare, gara a je a nemo. In kana jin cajar laftof tana ɗan jan ka a jikin ƙarfe, cire ta ka yi aiki da batirin laftof, haka ma lokacin da ake sauyawa zuwa janareta. In kod ya ƙi loduwa, duba ko akwai abin da ke soke a rami 0 da 1, domin ta nan allon ke magana da kwamfuta.

Sai babban gargaɗi ga masu kunna ƙwan ɗaki ko fanka da rile. Wutar gida bolt 230 ce. Kuskure a ɓangaren bolt 5 allo yake ci, kuskure a wancan ɓangaren rai yake ci. A rufe rile ɗin cikin akwati, kada a taɓa shi in fulogi na bango, kuma gwajin farko a yi shi a lab gaban malami.

In kana zargin allonka ya mutu

Kada ka yi saurin binne shi. Cire duk abin da ke jikinsa, ka haɗa shi da kan cajar waya tukuna, kada ka fara da laftof. Koriyar fitilar ON ta kama? Sa mita tsakanin 5V da GND, sannan tsakanin 3.3V da GND. Taɓa aisin, in ta yi zafi cikin daƙiƙu kaɗan, ta tafi. In komai daidai ne, haɗa da kwamfuta ka loda ɗan kod ɗin gwaji na Blink, ka ga ko fitilar da ke rami 13 za ta riƙa ƙiftawa. In kwamfuta ba ta ga allon ba sam, ka tuna kwafe da yawa suna amfani da aisin CH340, wadda wani lokaci sai an saka mata direba.

In kwamfuta na ganin allon amma kod ya ƙi shiga, mai yiwuwa ATmega328P ce kaɗai ta mutu. A allon da take zaune cikin soket, ana ɓanɓaro ta a hankali a saka sabuwa, a dai tabbatar an sayi wadda aka riga aka saka wa butloda, kuma ɗan yankan da ke kanta ya kalli inda na tsohuwar ya kalla. In regileta ne ya lalace, allon zai iya ci gaba da aiki ta USB, amma kada a sake soka masa adafta, domin lalataccen regileta yakan bar wutar ta wuce yadda ta shigo. Namu na farko dai duka aisin biyu sun tafi, Malam ya ce sai dai a ajiye shi don nuna wa na baya.

Ranar difens famfonmu ya tashi, ya tsaya, ya sake tashi, sikirin bai ko ƙifta ba. Ɗaya daga cikin malaman ya nuna LM2596 ya ce, "Wannan kuma me ya kawo shi, ba ga regileta a allon ba?" 'Yan rukuninmu duk suka juyo suka kalle ni. Na ɗauki alli na rubuta bakwai sau 0.35 a allon bango, na yi bayani. A duk tambayoyin ranar, ita kaɗai ce na amsa ba tare da muryata ta yi rawa ba.

In kuɗinku bai kai ku sayi komai ba bayan allon, ku sayi maltimita, ko ku roƙi aron ta lab. Ku auna kafin ku soka, kuma in an ɗauke wuta ku haƙura har gari ya waye. Ƙonannen allon namu yana nan a lab cikin durowar Malam, duk mai son jin warin ya je ya ce a nuna masa.